Ciwon Gwiwa Da Haɗe-haɗen Magunguna

Lacca ce da aka gabatar wa taron tsofaffin ma'aikata da iyalansu a Abuja, Babban Birnin Tarayya.



Ran 12 ga watan Disamba 1991 ne Gwamnatin Tarayya ta baro Ikko ta tare a Abuja, watau shekara goma sha biyar da 'yan watanni bayan da marigayi Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon birnin a watan Fabrairu 1976. Ma'aikatan da suka biyo ma'aikatunsu cikin wannan ƙaura suna da sauran ƙuruciya a lokacin, suna hawan benayen ofis ba tare da sun dafa bango ba. Yau galibinsu sun ajiye aiki, ko dai don cikar shekara 35 a bakin aiki, ko don cikar shekara 60 da haihuwa. Sun koma gidajensu a Kubwa da Karu da Lugbe da Gwagwalada, kuma da yawa daga cikinsu ba su iya miƙewa daga zaman tahiya sai sun dogara da hannu. Wannan lacca a kan gwiwar waɗannan bayin Allah ta ke, da kuma kuɗin fanshon da su ke zubawa wajen neman lafiyarta.

Tambayar da ta fi yawa a bakin masu wannan ciwo ita ce: in an haɗa maganin da likita ya rubuta da ƙwayoyin nan na ƙarin gina jiki da a ke sayarwa cikin kwalabe masu ado, ashe sauƙi ba zai fi zuwa da wuri ba? Tambaya ce mai ma'ana, kuma an kashe dukiya mai yawa a ƙasashen waje wajen neman amsarta. Amma kafin a kai ga amsar, ya kamata a san ciwon kansa.

Hausawa kan kira shi sanyin ƙashi, waɗansu su ce amosanin gaɓa. Wannan suna na sanyi shi ya sa a ke ɗora laifin a kan damina da hunturu da shan ruwan firji, alhali ba daga nan matsalar ta ke ba. A inda ƙashin cinya ya sadu da ƙashin ƙwauri, akwai guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe kawunan ƙasusuwan biyu, kaurinsa bai wuce 'yan milimitoci ba. Wannan guringuntsi ba shi da hanyoyin jini, saboda haka in ya soma zaizayewa, gyaruwarsa tana da wuya ƙwarai. Sa'an nan ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri, gefunan gaɓar su fid da tsiro, fatar da ke shimfiɗe cikin gaɓar ta riƙa kumbura tana tara ruwa. Abin da mai ciwon ya ke ji shi ne zafi in ya yi tafiya ko ya sauko daga bene, da sagewar gwiwa da safe wadda ba ta kan kai rabin awa ba, da ƙara in ya lanƙwasa ƙafa. In abin ya yi nisa, ƙafar ta soma yin baka.

Tsufa da ƙiba da tsohon rauni da gado da aikin da ke sa yawan durƙuso ko ɗaukar kaya, su ne ke jawo shi. Matar Gbagyi da ta yi shekara arba'in tana ɗaukar itace da doya a kafaɗa tana cikin haɗari, haka nan ma'aikacin da ya yi shekara talatin daga kujerar ofis sai kujerar mota a cunkoson hanyar Nyanya, tumbi yana ƙaruwa, cinyoyi suna yin laushi. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan ciwo a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55, kashi 60 cikin 100 kuwa mata ne.

Sai dai a yi hattara da abu guda. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau kamar garwashi, ga zazzaɓi, wani ciwo ne dabam, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar. Wannan ba a kwana da shi a gida.

To, ga gaskiyar da masu talla ba su so a faɗa: har yanzu babu wani magani na sha, ko na asibiti ko na gargajiya, da aka tabbatar yana mayar da guringuntsin da ya cinye. Duk abin da a ke bayarwa, rage zafi ya ke yi domin mutum ya samu ya motsa. Wanda ya riƙe wannan, ba za a cuce shi da sauƙi ba.

Magungunan asibiti

Farasitamol shi ne wanda kowa ya sani. Shekaru da dama shi likitoci su ke farawa da shi, amma da aka tattara gwaje-gwaje aka ga amfaninsa ga wannan ciwo kaɗan ne, har hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki, watau NICE, ta ce a 2022 kada a riƙa ba da shi sai jifa-jifa na ɗan lokaci. Iyakar abin da babba lafiyayye zai sha a yini shi ne giram 4, watau ƙwaya takwas masu miligiram 500, tsoho mai ƙaramin jiki kuwa ƙasa da haka, domin wuce iyaka yana lalata hanta.

Waɗanda suka fi aiki su ne dangin magungunan kashe kumburi, irin su ibufurofen da daikulofenak da firoksikam da naforoksen da selekoksib. Sunayensu dabam-dabam ne, amma gida ɗaya suka fito, aikinsu ɗaya, illarsu ma kusan ɗaya. Suna hana jiki sarrafa wani sinadari da ke kawo zafi da kumburi. Abin takaici, wannan sinadari shi ne kuma ke kare bangon ciki daga tsamin da ke narkar da abinci, shi ne ke buɗe wa ƙoda hanyar jini. Saboda haka mai shan su kullum yana iya samun gyambon ciki da zubar jini, hawan jininsa ya ƙaru, ƙodarsa ta raunana. A 2004 ma sai da kamfanin Merck ya janye wani ɗan gidan, mai suna Vioxx, daga kasuwannin duniya, saboda an ga yana ƙara haɗarin bugun zuciya. Dalilin ke nan da likitoci yanzu su ke cewa a fara da na shafawa. Gwiwa ba ta da kaurin nama, man daikulofenak yana ratsawa ya kai wurin, abin da ke shiga jini kuwa ɗan kaɗan ne. In ya zama tilas a sha ƙwaya, sai a sha mafi ƙanƙantar awo na 'yan kwanaki, tare da maganin kare ciki irin omefurazol.

Akwai allurar sitiroyid da a ke yi cikin gaɓar, tana kawo sauƙi na 'yan makonni. Wani gwaji da aka yi a Boston ta Amurka, aka buga a 2017, ya nuna cewa waɗanda aka riƙa yi musu ita kowane wata uku har shekara biyu sun fi rasa guringuntsi, kuma zafinsu bai fi na waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri raguwa ba. Allura ce ta ranar matsi. Tiramadol kuwa, labarinsa a ƙasan nan ba ya bukatar dogon bayani. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gano mutum miliyan 4.6 da ke shan irin waɗannan magunguna ba bisa umurnin likita ba. Tsoho in ya sha, ga jiri, ga faɗuwa, ga sabo.

Ƙwayoyin ƙari

Biyu ne suka fi shahara, gulukosamin da kondiroyitin. Dukansu sinadarai ne da a ke samu a cikin guringuntsi, kuma hujjar masu sayarwa tana da daɗin ji: tun da ginin ya zaizaye, a kawo tubali. Amma abin da aka haɗiya ba ya zarcewa gwiwa kai tsaye, sai ciki da hanta sun sarrafa shi tukuna, kuma abin da ke isa gaɓar bai taka kara ya karya ba. Gulukosamin galibi daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande a ke fid da shi. Kondiroyitin kuwa daga guringuntsin shanu ko kifin shak ko alade. Musulmin da zai saya yana da haƙƙin ya duba jikin kwalba ya ga daga wace dabba aka samo, in ba a rubuta ba ya tambaya.

Gwamnatin Amurka ce ta ɗauki nauyin gwaji mafi girma a kan waɗannan ƙwayoyi, wanda a ke kira GAIT, a ƙarƙashin jagorancin Dakta Daniel Clegg na Jami'ar Utah, aka buga sakamakon a watan Fabrairu 2006. An ɗauki masu ciwon gwiwa 1,583 a asibitoci 16, aka raba su kashi biyar ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko aka ba su gulukosamin miligiram 1,500 kullum, na biyu kondiroyitin miligiram 1,200, na uku aka haɗa musu biyun, na huɗu selekoksib miligiram 200, na biyar kuwa aka ba su ƙwayar holoƙo, watau wadda babu magani a cikinta. Ba majiyyaci ba likita, babu wanda ya san abin da wani ke sha. Bayan mako 24 aka ƙidaya waɗanda zafinsu ya ragu da aƙalla kashi ɗaya cikin biyar.

A nan ne abin mamakin ya ke. Cikin masu shan holoƙo, kashi 60 cikin 100 suka ce sun sami sauƙi. Masu gulukosamin kashi 64, masu kondiroyitin kashi 65, masu haɗin biyun kusan kashi 67, masu selekoksib kashi 70. Da masana lissafi suka auna, sai suka ga selekoksib kaɗai ne ratarsa ta isa a ce ba dace ba ne. Ya kamata mai sauraro ya tsaya a kan wannan kashi 60. Mutum shida cikin goma sun sha abin da ba magani ba, kuma da gaske sun ji sauƙi, ba ƙarya suka yi ba. Dalili kuwa shi ne wannan ciwo tashi ya ke yi ya kwanta. Mutum ya kan nemi sabon magani ne a makon da zafin ya kai matuƙa, daga nan kuwa babu inda zafin zai nufa sai ƙasa, sai maganin ya sami yabon da bai yi aikinsa ba. Ga kuma tasirin sa rai. Saboda haka in maƙwabci ya rantse cewa kwalba kaza ta warkar da shi, a karɓi rantsuwarsa, amma a sani ba ta zama hujja ba.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. A cikin wannan gwaji akwai mutum 354 da zafinsu ya fi tsanani, kuma a cikinsu masu haɗin biyun kashi 79 suka sami sauƙi, masu holoƙo kashi 54. Wannan adadi ne 'yan kasuwa suka ɗauka suka bazama da shi, ko da ya ke masu binciken da kansu sun ce rukunin ya yi ƙanƙanta, sai an sake gwadawa. An kuwa sake. A 2016 aka buga wani gwaji mai suna MOVES na mutum 606 a Faransa da Jamus da Poland da Sifen, inda haɗin biyun ya yi kunnen doki da selekoksib bayan wata shida, zafi ya ragu da kimanin rabi a kowane ɓangare. Sai dai ba a sa holoƙo a ciki ba, kuma kamfanin da ke yin ƙwayar ne ya biya kuɗin aikin. Shekara guda bayan haka likitocin Sifen suka buga nasu na mutum 164, wannan karon da holoƙo, haɗin bai fi holoƙon ba. Tun a 2010 ma an tattara gwaje-gwaje goma na mutum 3,803 a mujallar likitocin Ingila, BMJ, ba a ga wani amfani da majiyyaci zai iya ji a jikinsa ba. Hotunan ƙashi da aka ɗauka na waɗansu majiyyatan GAIT bayan shekara biyu su ma ba su nuna an tsai da zaizayar ba.

A lura kuma, waɗannan manyan gwaje-gwaje ƙari da ƙari suka haɗa, ko kuwa suka gwada ƙari da maganin asibiti don a ga wanda ya fi. Waɗanda suka ɗora gulukosamin a kan maganin asibiti, watau ainihin abin da jama'a ke yi a gida, ƙanana ne kuma na gajeren lokaci. Shi ya sa ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka a 2019 ta yi hani mai ƙarfi ga ba da gulukosamin da kondiroyitin don ciwon gwiwa, NICE ma ta hana gulukosamin a 2022. Wata ƙungiyar masana ta Turai, ESCEO, ita ce ta saɓa, ta yarda da wani nau'i guda na gulukosamin wanda a can likita ke rubutawa, kuma ita ma ba ta yarda da sauran na kan kanta ba.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Bitamin D an gwada shi shekara biyu a Amurka da Ostareliya, aka buga a 2013 da 2016, bai rage zafin gwiwa ba, ko da ya ke wanda aka auna aka ga yana da ƙarancinsa zai sha don lafiyar ƙashi. Kurkum ya ɗan nuna alama: a wani gwaji na mutum 70 a tsibirin Tasmaniya a 2020 zafi ya ragu kaɗan cikin mako 12. Amma kurkum na cikin miya dabam, wanda aka tace aka cusa a ƙwaya aka gauraya da sinadarin masoro dabam, domin likitocin Amurka sun ba da rahoton mutanen da irin wannan ya taɓa musu hanta. Akwai kuma ƙwayar Boswellia daga Indiya, 'yar'uwar itacen nan hano ko ararraɓi da ke dazuzzukan Arewa, ita ma gwaje-gwajenta ƙanana ne. Ba raina itatuwa a ke yi ba. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu, nan Abuja, daga tsirran ƙasan nan ta haɗa Niprisan na masu ciwon sikila, amma sai da ta bi hanyar gwaji. Abin da a ke nema ga kowane magani ke nan.

Lambar NAFDAC da ke jikin kwalba ita ma ana yi mata gurguwar fahimta. Hukumar, wadda aka kafa a 1993 kuma hedkwatarta ke Wuse, ta kan ba magungunan gargajiya lambar da ke ƙarewa da harafin L bayan ta duba cewa ba su da illa a fili. Wannan ba shaidar warkarwa ba ce, shi ya sa a kan ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. A Amurka ma, wata doka ta 1994 ta ba da damar sayar da ƙwayoyin ƙari ba tare da an nuna hujjar suna aiki ba.

Inda haɗarin ya ke

Da a ce asarar kuɗi ce kaɗai, da da sauƙi. Haɗin da ya fi kai tsofaffi gadon asibiti shi ne wanda a ke yi a kemis na unguwa. Mutum ya je ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, a ƙulla masa ƙwaya huɗu ko biyar a leda, ja da fari da rawaya, babu suna babu awo. Sau da yawa a ciki akwai daikulofenak da firoksikam ko ibufurofen, watau 'yan gida ɗaya har biyu ko uku, wani lokaci da firedinisolon a kai. Ya dawo gida ya ƙara da garin maganin ciwon kai mai ɗauke da asfirin. Haɗa biyu daga wannan gida ba ya ƙara sauƙi, jinin ciki ya ke ƙarawa. Alamarsa kuwa baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko kasala da ɗashewar ido.

Ko haɗin da a ke ganin ba shi da laifi yana da nasa. A Nottingham ta Ingila an gwada mutum 892 masu ciwon gwiwa har mako 13, aka buga a 2011. Waɗanda suka sha cikakken haɗin ibufurofen da farasitamol sun ɗan fi masu farasitamol kaɗai samun sauƙi, amma waɗanda jininsu ya ragu a cikinsu sun kusa ninka na masu shan guda ɗaya.

Sa'an nan ga ƙoda. Bincike da dama ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan ƙasan nan yana da hawan jini, kuma mai ciwon gwiwa galibi yana cikinsu. In yana shan lisinofiril ko losatan, yana shan maganin sa fitsari, sa'an nan ya ɗora daikulofenak, to, ya taru wa ƙodarsa ta fuska uku. Abin ya fi muni a zafin Maris da Afrilu, ko a watan azumi sa'ad da jiki ya bushe, ko in gudawa ta kama. Wanda ya ga abin da iyalai ke kashewa a wankin ƙoda ya san ma'anar garin neman gira a rasa ido. Mai shan wafarin, maganin tsinka jini, shi kuma ya nisanci gulukosamin, domin hukumar magunguna ta Ingila ta yi gargaɗi cewa haɗin yana ƙara tsinka jinin fiye da kima. Ƙwayoyin kurkum da citta da tafarnuwa da man kifi su ma sai da sanin likita ga irin wannan mutum. Wanda cin jatan lande ke sa wa borin jini, ya tuna daga inda gulukosamin ya fito.

Mafi sharri shi ne ƙarin da ba ƙari ba ne. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi ta gargaɗi game da wata ƙwayar ciwon gaɓɓai mai suna Artri King, wadda a ke tallarta a matsayin haɗin gulukosamin da tsirrai, amma da aka auna sai ga daikulofenak da deksametason a ɓoye. In haka ta faru a ƙasar da ke da ma'aikatan bincike birjik, ina ga ruwan jarka da garin leda da a ke talla da lasifika a tashar mota? Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, duk maganin gargajiyar da ya ɗauke ciwon gwiwa cikin dare ɗaya, ya buɗe cin abinci, fuska ta cika ta yi tumbur, to, a zarge shi. Aikin sitiroyid ke nan, kuma ƙarshensa ciwon sukari da hawan jini da laushin ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke farat ɗaya, sai likita ya janye masa a hankali.

Akwai fa haɗin da gwaji ya tabbatar. A Jami'ar Wake Forest ta Amurka, Farfesa Stephen Messier da abokan aikinsa sun bi mutum 454 masu ƙiba da ciwon gwiwa har wata 18, aka buga a 2013. Waɗanda suka haɗa rage cin abinci da motsa jiki sun zubar da kimanin kashi goma cikin ɗari na nauyinsu, zafinsu ya ragu da kusan rabi, sun kuma fi waɗanda suka yi ɗaya kawai. Tun a 2005 wannan malami ya auna cewa kowane kilo guda da mutum ya rage, yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Mai kilo 90 da ya koma 81 ya yi wa gwiwarsa abin da babu kwalbar da ta taɓa yi. A rage malmalar tuwo da lemon kwalba da sukarin shayi, a ƙara ganye da wake. A zauna a kujera a miƙe ƙafa a riƙe ta a ƙirga goma, a sauke, a maimaita, domin naman cinya shi ne mai gadin gwiwa. A yi tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri da sanyin safiya. Tsoron da a ke ji cewa tafiya na ƙara cinye gaɓar ba shi da tushe, zaman ne ke sa ta ƙage. A nan ne maganin asibiti ya ke da gurbinsa: a shafa ko a sha don a samu a motsa.

Sanda ba abin kunya ba ce, sarakuna ma suna riƙewa, sai dai a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar mai ciwo ba. Masai na zama ya fi na tsuguno. Malamai kuma sun yi bayani cewa wanda ba ya iya durƙusawa yana da sauƙin yin salla a zaune. Masu gashin ƙashi suna nan a Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Jabi, kuma zuwa wurinsu sau biyu ko uku ya isa mutum ya koyi motsin da zai riƙa yi a gida.

Maganar kuɗi ba a bar ta a baya ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci ya ke fita, kuma tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 farashin magungunan waje ya yi tashin gwauron zabi. Ɗan fanshon da ya sayi kwalbar gulukosamin ya bar maganin hawan jininsa ya yanke, ya yi mummunan ciniki. Wanda kuwa ke da hali, ba ya shan wafarin, kuma ransa ya kwanta a kan sai ya gwada, likitoci da dama ba su hana shi, tun da ita kanta ƙwayar, in ta gaskiya ce, illarta kaɗan ce. Sai dai ya gwada da ƙa'ida: abu guda a lokaci guda, ya rubuta ranar da ya fara da nisan da ya ke iya takawa, bayan wata uku ya duba. In babu bambanci ya daina, kada ya ce sai ya ƙara da wata kwalbar.

Ranar zuwa asibiti kuma a tattara duk abin da a ke sha a leda guda, na likita da na kemis da na gargajiya da wanda ɗa ko 'ya suka aiko daga Ingila ko Saudiyya, a zube a gaban likita ko mai harhaɗa magani. Mai shan maganin kashe kumburi a kai a kai ya nemi a auna masa jini da ƙoda lokaci-lokaci. In kuwa an yi duk wannan, zafi yana hana barci, tafiya zuwa masallacin unguwa ta gagara, to, lokacin ganin likitan ƙashi ya yi, domin a duba ko za a yi tiyatar sauya gwiwa. Ana yin wannan aiki a nan Abuja, ana kuma yin sa a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma yawancin gwiwoyin da a ke sawa suna kai shekara goma sha biyar zuwa ashirin suna aiki.